SHANYEWAR ƁARIN JIKI: ABIN DA MASANA SUKA GANO A CIKIN ƘWAƘWALWA

A wannan wata za mu yi bayani a kan wani ciwo da ya shiga gidaje da yawa a ƙauyukanmu. Ciwon kuwa shi ne shanyewar ɓarin jiki.

Da wuya a sami wanda bai taɓa ganin mai wannan ciwo ba. Magidanci ya kwanta lafiya ƙalau. Da asuba ya tashi zai ɗauki buta, sai hannu ya ƙi ɗaguwa. Baki ya karkace. Yana magana ba a gane abin da yake faɗa. Nan da nan gida ya rikice. Wani ya ce iska ce ta buge shi. Wani ya ce jifa ne. A yi ta hayaƙi da shafe-shafe har rana ta faɗi ba a je asibiti ba.

Ko da yake a hannu da ƙafa ake ganin alamar ciwon, tushensa yana cikin kai ne, wato a ƙwaƙwalwa. Masana sun daɗe suna bincike a kansa. Yau za mu kawo muku labarin binciken wata masaniya ta ƙasar Ingila, da darussan da ke cikinsa ga mai jinya a ƙauye.

YADDA CIWON KE FARUWA

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Amma ita ce ke juya jiki duka. Tafiya, magana, gani, tunani, haɗiyar abinci, duk da umurninta ake yin su. A cikinta akwai 'yan ƙananan ƙwayoyi masu aika saƙo wajen biliyan 86. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita.

Waɗannan ƙwayoyi ba su da rumbun ajiye abinci. Jini ne ke kawo musu abinci da iska a kowane lokaci. Idan aka raba iskar da jiki ke amfani da ita kashi biyar, kashi ɗaya na ƙwaƙwalwa ne ita kaɗai.

Masu noman rani za su fi saurin gane wannan. Ruwa yana bin hanya daga rafi zuwa fangali. Idan hanyar ta toshe, shukar da ke gaba za ta yi yaushi ta bushe. Idan kuma hanyar ta fashe, ruwa zai malale inda ba a so, shukar gaba kuma ta rasa. Haka jijiyar jini take a cikin ƙwaƙwalwa. Ko dai gudan jini ya toshe ta, ko kuma ta fashe jini ya zuba. Ko wanne ya faru, wani yanki na ƙwaƙwalwa zai rasa jini, ƙwayoyinsa su fara mutuwa cikin 'yan mintoci.

A shekarar 2006 wani likita a Amurka ya yi lissafi. Ya nuna cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyi kusan miliyan biyu ke mutuwa a kowane minti ɗaya da aka yi ba a buɗe ta ba.

Akwai kuma wani abin lura. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya daman jiki. Ɓangaren dama kuma shi ke juya hagu. Ga yawancin mutane, wurin magana yana ɓangaren hagu. Shi ya sa wanda damansa ya shanye ya fi yawan samun matsalar magana.

WACE CE WANNAN MASANIYA?

Sunanta Farfesa Nancy Rothwell. An haife ta a arewacin Ingila a shekarar 1955. Ta yi karatun jami'a a birnin Landan. Da farko bincikenta a kan ƙiba ne, da yadda jiki ke ƙona kitse ya samar da ɗumi. A shekarar 1987 ta koma Jami'ar Manchesta. A can ne hankalinta ya karkata zuwa ga ƙwaƙwalwa. Daga baya ta zama shugabar jami'ar, daga 2010 zuwa 2024. Ita ce mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami.

Abin da ya kai ta ga binciken ƙwaƙwalwa shi ne zazzaɓi. Tana son ta san abin da ke sa jiki ya yi zafi idan an yi rashin lafiya ko an ji rauni. Kafin mu ci gaba, sai mun yi bayanin abubuwa biyu: garkuwar jiki da kumburi.

MENE NE GARKUWAR JIKI DA KUMBURI?

Allah ya sanya wa jikin ɗan Adam masu tsaro. Su ne fararen ƙwayoyin jini da mataimakansu. Aikinsu kamar na 'yan sintirin gari ne. Idan ƙwayar cuta ta shiga, su ke far mata. Wannan tsari shi ake kira garkuwar jiki.

Misali, ƙaya ta soke ka a gona. Bayan kwana ɗaya wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, yana zogi. Alama ce masu tsaro sun taru a wurin suna aiki. Suna kashe ƙwayoyin cuta, suna kwashe naman da ya mutu. Bayan haka sai wurin ya warke. Ashe kumburi yana da amfani. Sai dai idan ya wuce kima, ko ya daɗe bai sauka ba, yakan yi ɓarna.

Ta yaya masu tsaro ke sanin inda za su taru? Jiki yana fitar da wasu sinadarai masu kai saƙo. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne wanda masana ke kira intalukin-1. Shi ne kamar mai buga gangar gayya. Idan ya fito, fararen ƙwayoyin jini su taru, jiki ya yi zafi, kumburi ya tashi.

A da, masana da yawa sun ɗauka garkuwar jiki ba ta da wani aiki sosai a ƙwaƙwalwa. Dalili kuwa, akwai wani shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda ke hana abubuwa da yawa shiga. Amma ƙwaƙwalwa tana da nata masu gadi na cikin gida. Sunansu maikurogiliya. Wani masani ɗan ƙasar Sifen ne ya yi bayaninsu tun a shekarar 1919. Sai da aka yi shekaru masu yawa kafin a gane girman aikinsu.

GWAJIN SHEKARAR 1992

Idan jijiya ta toshe, yankin da ke tsakiya yakan mutu da wuri. Amma yankin da ke kewaye da shi ba ya mutuwa nan take. Yana samun ɗan jini kaɗan daga wasu ƙananan jijiyoyi. Ya galabaita, amma da sauran ransa. Wannan yanki shi likitoci ke ƙoƙarin ceta.

Da ƙwayoyin tsakiya sun fara mutuwa, sai maikurogiliya su farka. Su fitar da intalukin-1. Shingen nan ya yi rauni. Fararen ƙwayoyin jini su kwararo cikin ƙwaƙwalwa. Ruwa ma ya shiga, wurin ya kumbura. Ƙafa idan ta kumbura tana da wurin buɗawa. Ƙwaƙwalwa kuwa tana cikin ƙoƙon kai, ƙashi ne ya kewaye ta. Saboda haka kumburin yakan matse sauran wuraren da ke lafiya. Wannan kumburi ya fi tsanani daga kwana na biyu zuwa na biyar. Shi ya sa wani mara lafiya kan ƙara rikicewa bayan kwana biyu ko uku.

Farfesa Rothwell ta yi tambaya: shin wannan mai buga ganga taimako yake yi, ko ƙara ɓarna yake yi? Jiki yana da wani sinadari nasa mai toshe aikin intalukin-1. Ita da abokiyar aikinta Jane Relton suka gwada shi a kan ɓeraye. Suka toshe jijiyar ƙwaƙwalwar ɓerayen. Wasu aka ba su sinadarin, wasu ba a ba su ba. Bayan kwana ɗaya aka duba. Ɓerayen da aka ba sinadarin, ɓarnar da ke ƙwaƙwalwarsu ta ragu da kusan rabi. An buga sakamakon a shekarar 1992.

Wannan ya nuna abu mai muhimmanci. Rashin jini shi ke fara ɓarna, sannan kumburi ya zo ya ƙara wata a kai. Kamar gobara ce ta kama ɗaki ɗaya. Jama'a suka taru da gudu don kashewa. A garin haka suka tattake dangar gida, suka rushe rumbun da wuta ba ta taɓa ba.

DA AKA GWADA A KAN MUTANE

Ɓera daban, mutum daban. Ɓeran gwaji yaro ne mai lafiya, kuma masu bincike sun san ainihin lokacin da jijiyarsa ta toshe. A gwajin 1992 har an fara ba da sinadarin tun kafin a toshe jijiyar. Mutum kuwa yawanci ya manyanta, ga hawan jini, ga ciwon suga, kuma sai bayan awoyi yake isa asibiti.

An riga an mai da sinadarin nan magani mai suna anakinra. Tun shekarar 2001 ake amfani da shi a Amurka don wani irin ciwon gaɓoɓi mai kumburi. Masana na Manchesta suka gwada shi a kan masu shanyewar ɓarin jiki. A shekarar 2005 sun ba da sakamakon gwaji na mutum 34. Ya nuna maganin bai cutar da su ba. A shekarar 2018 sun ba da sakamakon wani gwaji na mutum 80, waɗanda suka iso asibiti cikin awa biyar. Rabinsu aka yi musu allurar maganin har kwana uku. Da aka auna jininsu, alamun kumburi sun ragu sosai. Amma bayan wata uku, ba a ga sun fi sauran samun sauƙi ba.

Saboda haka wannan allura ba ta zama maganin shanyewar ɓarin jiki ba. Haka aikin bincike yake. Ba a yarda da magani don sunan mai shi ko girman jami'arsa. Sai an gwada, an ƙirga, an ga amfaninsa a fili.

Me ya sa rage kumburi kaɗai bai isa ba? Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kumburi yana da fuska biyu. A kwanakin farko yana ƙara ɓarna. Daga baya kuma masu tsaron nan su ne ke share wurin. Su kwashe matattun ƙwayoyi, su taimaka sababbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro. Idan aka kore su gaba ɗaya, wa zai yi sharar? Abin da masana ke nema yanzu shi ne sanin lokacin da za a tsawata musu, da lokacin da za a bar su su yi aikinsu.

GARKUWAR SAURAN JIKI TAKAN YI RAUNI

Ga wani abin mamaki. A lokacin da kumburi ke tashi a ƙwaƙwalwa, garkuwar sauran jiki sauka take yi. Masana a birnin Balin na ƙasar Jamus sun nuna haka a shekarar 2003. Ɓerayen da suka sami wannan ciwo, fararen ƙwayoyin jininsu sun ragu, kuma cikin kwana uku ciwon huhu ya kama su.

Haka abin yake ga mutane. Cikin masu wannan ciwo guda goma, wajen uku sukan kamu da wata cutar a kwanakin farko. Wajen ɗaya cikin goma ciwon huhu ke kama shi. Ciwon huhu kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe su.

Ta ina cutar ke shiga? Da yawa daga cikinsu maƙogwaronsu ba ya haɗiya daidai. Idan aka ɗura musu ruwa, ko kunu, ko jiƙo, wani sashe sai ya bi hanyar iska ya faɗa huhu. Wani ma ba zai yi tari ba, balle a gane ya ƙware. Ga garkuwa ta yi rauni, ga ƙazanta ta shiga huhu. Daga nan sai zazzaɓi da sarƙewar numfashi.

An yi tunanin a riƙa ba kowane mara lafiya maganin kashe ƙwayoyin cuta tun kafin ya kamu. An gwada haka a Ingila da ƙasar Holan, aka ba da sakamako a shekarar 2015. Bai hana ciwon huhu ba, bai kuma ƙara musu samun sauƙi ba. Abin da ya fi amfani shi ne kula da haɗiya, da tsabta, da kyakkyawar jinya.

MU FA A NAN GIDA?

Ƙungiyar yaƙi da wannan ciwo ta duniya ta ce mutum wajen miliyan 12 ke kamuwa da shi kowace shekara. Ta ware ranar 29 ga Oktoba don faɗakarwa a kansa.

A ƙasarmu ma an yi babban bincike. Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun bincika masu wannan ciwo fiye da 2,000 a Nijeriya da Ghana. Asibitocin Kano da Zariya suna cikin wuraren da aka yi aikin. An ba da sakamako a shekarar 2018. An gano cewa hawan jini shi ne babban mai laifi. Yana da hannu a wajen tara cikin goma na masu ciwon. An gano kusan ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce ta same su. Ciwon suga, da yawan kitse a jini, da ƙara gishiri a abinci, da shan taba duk suna ƙara haɗari. An kuma gano cewa masu cin ganye kullum ba su cika kamuwa ba kamar waɗanda ba sa ci.

A nan mun yi sa'a. Zogale, rama, alayyahu, yakuwa da lalo duk a bayan gidanmu suke.

Yara masu ciwon sikila su ma wannan ciwo yana kama su. Iyayensu su riƙa kai su asibiti a kan kari, ko da suna ganin lafiyarsu lau.

ABIN DA ZA A YI IDAN CIWON YA ZO

Na ɗaya, a san alamu. Baki ya karkace. Hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta mutu ko ta yi nauyi. Magana ta sarƙe. Wani gani ke ɗauke masa, wani kuma ciwon kai mai tsanani ke sauko masa farat ɗaya.

Na biyu, a lura da lokacin da abin ya fara, a nemi mota a tafi babban asibiti nan take. Akwai allurar narkar da gudan jini, amma tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Ko babu ita, zuwa da wuri yana ceton rai. A yi addu'a ana tafiya. Neman magani ba ya karo da dogaro ga Allah.

Na uku, ko alamun sun wuce bayan 'yan mintoci, a je asibiti a ranar. Gargaɗi ne cewa babba na iya biyo baya.

Na huɗu, kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa, ko rubutu, ko jiƙo, sai ma'aikacin lafiya ya duba haɗiyarsa. Idan ya suma, a kwantar da shi a kan gefensa.

Na biyar, kada a sayo ƙwayoyi a kemis ko wajen masu talla. Wani zai ce, tun da an ce kumburi ne, bari a ba shi maganin kumburi. Kuskure ne babba. Magungunan ciwon jiki na kasuwa ba sa warkar da wannan ciwo, wasunsu ma suna ƙara hawan jini. Asfirin kuma yana iya ƙara zubar jini idan jijiya ce ta fashe. Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa ake rarrabe toshewa da fashewa.

JINYA A GIDA

Idan an sallamo shi, aikin iyali ya fara. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci. A ba shi kaɗan-kaɗan, kada a yi gaggawa. Bayan ya gama, a bar shi a zaune na ɗan lokaci. A wanke masa baki safe da dare, domin ƙwayoyin cutar baki su ke gangarawa huhu.

Idan ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, don kada gyambon kwanciya ya fito. A kula da tsabtar shimfiɗa. A kwantar da shi cikin gidan sauro. Idan aka ga zazzaɓi, ko tari, ko numfashi sama-sama, ko zafin fitsari, a koma asibiti ba tare da jira ba. Zafin jiki yana ƙara wa ƙwaƙwalwa mai rauni wahala.

Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa. Amma maƙwabtansu suna iya koyon aikinsu, idan ana maimaita musu. Wannan shi ne amfanin motsa jiki da ma'aikatan gashin ƙashi ke koyarwa. Sauƙi ya fi saurin zuwa a wata uku na farko, kuma yana ci gaba bayan haka a hankali. A bar shi ya gwada riƙe cokali da kansa. A riƙa hira da shi, a ba shi lokaci ya amsa. Kada a rufe shi a ɗaki kamar wanda aka gama da shi. Wasu sukan shiga baƙin ciki, wasu mantuwa ta dame su. Duk daga ciwon ne, a yi haƙuri da su, a gaya wa likita.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya yin shekaru da shi bai sani ba. Duk baligi ya riƙa zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna shi. Idan awo yana kai 140 bisa 90 ko ya wuce, akwai hawan jini. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Maganin na kullum ne.

Uwargida ta rage gishiri da dunƙule a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Mai shan taba ya daina. Mai ciwon suga ya bi dokar likita.

Muna roƙon malaman azuzuwan yaƙi da jahilci su karanta wannan bayani tare da ɗalibansu, maza da mata. Kowane ɗalibi ya rubuta alamu ukun nan a littafinsa: karkacewar baki, mutuwar hannu, sarƙewar magana. Idan ya koma gida ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.